Baƙin Haure Mai Haƙa Rijiya

Duk layin babu wanda ya san sunansa na yanka. Baƙin Haure ake ce masa, yaro da babba, har limami in ya zo neman a yashe rijiyar masallaci. Dalilin kuwa a fili yake. Haƙorinsa na gefe, wannan mai tsinin da ake kira haure, baƙi ne wuluk kamar an tsoma shi a tawada, in ya yi dariya shi za ka fara gani. Tela ne ya raɗa masa sunan tun suna samari, ranar da ya fara zuwa shagonsa da yagaggen wando a hannu. Tela ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Kai Baƙin Haure, ajiye a nan." Shi kuwa ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Na'am." Shi ke nan suna ya zauna daram.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa furta wannan suna ba, ita ce matarsa, wadda ake kira Uwar Biyu saboda tagwayen da ta fara haifa. Malam take ce masa, in ya ɓata mata rai ta ce "kai bawan Allah." Mutane sun ɗauka kunya ce irin ta mata. Akwai kunyar, amma akwai abin da ya fi ta. Ita kaɗai ta san inda haƙorin ya samo baƙinsa. Kafin a ɗaura musu aure ya zaunar da ita ya gaya mata komai: shi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Fari ne ya koro shi daga ƙauyensu da ke bayan iyaka, ba takarda ba izini, ya hauro katangar iyaka, ƙafarsa ta zame, ya faɗo da baki a kan dutse. Haƙorin bai fita ba, mutuwa ya yi a tsaye. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji ta gani. Daga ranar ta ɗaure maganar a cikinta, ko tagwayen ba su sani ba har suka girma suka yi nasu gidajen.

Tun daga wannan faɗuwar bai ƙara hawa komai ba. Ko rufin ɗakinsu ne ke yoyo sai dai a kira wani. Uwar Biyu takan tsokane shi ta ce, "Namiji guda, tsani ya gagare ka?" Ya ce, "Ni da sama mun rabu lafiya, ƙasa zan riƙa yi." Ƙasar kuwa ya yi ta, don a sana'ar rijiya babu na biyunsa a wannan yanki.

Sai ka gani da idonka za ka yarda. Zai tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya fara zura fitila a ƙasa ya ga ko iskar ramin za ta kashe ta. In ta ci gaba da ci, sai ya yi bisimilla ya bi ta. Rami ne da in ka leƙa sai kanka ya juya, amma shi haka zai sauka yana taka jikin bango da yatsun ƙafa kamar ƙadangare, har muryarsa ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu. A can zai wuni yana sara da ɗan guntun gatari, ana jawo guga cike da laka ana mayar masa. Uwar Biyu ta je kai masa abinci sau ɗaya tun tana amarya, ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu da wani ɗan ɗigon haske yana motsi. Ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Wai a ce mijinta ne can! Ranar ta san wanda ta aura ba ƙaramin mutum ba ne, kuma har ta tsufa abin bai daina ba ta mamaki ba.

Akuyoyi nawa ya ciro, guga nawa, har da jakin wani mai tsautsayi, Allah kaɗai ya san adadi. Sau biyu ya ciro mutum da rai. Bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba, sai dai ka ji a wajen wasu. Abin da yakan faɗa mata kawai shi ne, idan ya kai ga ruwan fari, wanda ke tsattsafowa daga yashi kafin kowa ya taɓa shi, yakan ɗiba da tafin hannu ya kurɓa. Ya ce ɗanɗanonsa ɗaya da na rijiyar gidan mahaifiyarsa. 

Mai shiga rijiya ransa na hannun mai riƙe igiya. Nasa mai riƙe igiyar wani magidanci ne da ake kira Dogo, shiru-shiru, mai 'ya'ya huɗu da hannuwa kamar faranti. Sun shekara da yawa tare. Magana ba ta cika haɗa su ba, igiyar ce ke yi musu: ja ɗaya a sassauta, ja biyu a ɗaga guga, ja uku a fito da mutum maza-maza.

Ana nan sai rediyo ta zo da wani sabon zance. Safe da yamma ba abin da ake ji sai baƙin haure, baƙin haure, wato mutanen da suka shigo ƙasa ba ta ƙofa ba. A bakin mai karanta labarai akwai ɗan bambanci tsakanin baƙi na baƙunta da baƙi na launi, amma wa ya damu da wannan a layi? Dariya ta samu. Duk inda ya gifta sai a ce, "Kai, jiya ma an ambace ka a labarai!" Wani ya ce, "Gwamnati na nemanka ruwa a jallo." Shi ma ya yi dariya, haƙorin ya leƙo. Uwar Biyu kuwa duk lokacin da ta ji, sai gabanta ya faɗi kamar an jefa dutse a rijiya.

Shagon Tela shi ne majalisar layin. Benci biyu, rediyo a rataye a ƙusa, ƙyallaye a ƙasa, da yamma a cika maƙil. Tagar ɗakin girkin Uwar Biyu tana kallon shagon, don haka duk musun da ake yi a kunnenta yake. Majalisar ƙasa tana nata musun, su ma suna nasu. An fito da doka mai baki biyu: za a ƙara wa katangar iyaka tsawo, a ƙara masu gadi, sannan duk wanda ya daɗe a ƙasar zai iya kai kansa gaban kwamiti. In ya samu ɗan ƙasa ya tsaya masa shaida, kuma ba a same shi da wani laifi ba, a ba shi katin zama. In kwamiti bai gamsu ba, mota na jira a bayan ofis.

Wani direban babbar mota da ke zama a shagon ya ce adalci ke nan, mutumin da ya tsufa yana yi wa gari aiki ai ya zama ɗan gari. Wani ya ce tarko ne, ka kai kanka a kwashe ka. Amma Tela ya fi kowa zafi, kuma a gaskiya yana da dalilinsa. Ƙaninsa mai gadin iyaka ne, masu fasa-ƙwauri suka take shi da mota, har yau da sanda yake tafiya. In Tela ya fara, sai ya tsayar da keke ya nuna mutane da almakashi.

"Gida ba ƙofa gida ne? Kai in ka tashi ka ga mutum a tsakar gidanka ya diro ta katanga, kujera za ka ba shi? Yau ka ba wanda ya hauro kati, gobe dubu su hauro. Kuma ni abin da ya fi ƙona mini rai, ba su da gaskiya. Wanda ya shigo a ɓoye, a ɓoye zai ƙare. Ku nuna mini ɗaya, ɗaya tak, da zai iya tsayawa ya kalli idon mutane ya ce ni ne!"

Sai ya juyo ga amininsa da ke ƙarshen benci ya ce, "Ban da kai fa, Baƙin Haure, kai naka a baki yake." A kwashe da dariya.

A gida Uwar Biyu ta kafa masa doka. "Malam, ka ji ni da kyau. Ba kwamiti, ba ofis. Shekara talatin da 'yan kai ba wanda ya tambaye ka, yanzu da furfura za ka kai kanka? In suka sa ka a motar nan wa ka sani a can? Ni kuma in zauna da wa?" Ya ce ya ji.

Sai aka kama Dogo. A shingen bincike na hanyar kasuwa aka tsayar da motar da yake ciki, aka ce kowa ya nuna shaida, ba shi da ita. Ashe shi ma daga can yake, kuma ko mai haƙa rijiyar da yake riƙe wa igiya bai sani ba. Tunda kama shi aka yi, ba shi ya kai kansa ba, ko kwamitin bai gani ba. Kafin matarsa ta gano inda yake, an riga an ƙetarar da shi. A shago Tela ya ce, "Allah sarki Dogo, mutumin kirki. Amma kun gani ko? Shekara nawa yana cikinmu bai taɓa faɗa ba." Mai rijiya yana zaune yana ji.

Daga ranar abinci ya daina shiga cikinsa. Zai ɗauki kwanonsa ya kai gidan Dogo ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana murza igiyar aiki a hannu. Uwar Biyu ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Sau ɗaya ya ce mata, "Mutumin nan bai taɓa sakina ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa ana zaginsa ina zaune." Ta ce, "To me za ka yi, bawan Allah?" Ya ci gaba da murza igiyarsa.

Wata hantsi sai ga motar jami'an shige da fice ta tsaya a bakin layi. Mutum uku suka fito, babbansu wani matashi mai fara'a. A bakin layin akwai wata tsohuwa mai sayar da gawayi, Iya Gawayi, wadda kunnenta ya yi nisa, rediyo kuwa ba ta dame ta ba. Jami'in ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Iya, ko akwai baƙin haure a layin nan?"

Ta ce, "Akwai mana! Wa bai san shi ba? Ga gidansa can mai shuɗiyar ƙofa. Rijiyarku ce ta ƙafe?"

Uwar Biyu tana shanya ta ji sallama. Da ta leƙo ta ga kaki, sai ta yar da shanyar. Kafin ta ce ba ya nan, ya riga ya fito. Layi kuwa ya cika, Tela ya taso da tef a wuya, Iya Gawayi ta biyo baya tana dogara sanda tana cewa, "Ga shi nan, shi ne Baƙin Haure."

Jami'in ya dubi dattijon, dattijon ya buɗe baki zai gaishe shi, haƙorin ya bayyana. Jami'in ya tsaya. Ya sake dubawa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, abokansa suka kama, layi gaba ɗaya ya ɗauka. Tela har da zama a ƙasa yana share hawaye. Da ƙyar jami'in ya ce, "Baba, ka yi haƙuri don Allah. Iya ce ba ta fahimce mu ba. Allah ya ƙara girma." Ya juya zai tafi.

Uwar Biyu ta sauke wani numfashi da ta shekara talatin tana riƙe da shi. Ta ce a ranta, Alhamdulillahi, Allah ya rufa asiri, ya kuma rufe shi da dariya.

"Ɗana, dakata."

Muryar mijinta ce, irin wadda yake yi daga ƙasan rijiya, ba ƙarfi amma kowa ya ji.

"Iya ba ta yi kuskure ba. Ni ne. Haƙorin nan da kuke wa dariya, a katangar iyaka na buga shi ranar da na hauro. Ba ni da takarda, ban taɓa samu ba. Ku rubuta ni na kai kaina."

 Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da duk ruwan rijiyarsa suke sha, har idonsa ya sauka a kan Tela, ya tsaya a nan. Uwar Biyu ta so ta yi kururuwa, ta so ta rufe shi da duka. Haushi ne fal a cikinta, sai dai a ƙarƙashin haushin akwai wancan abin da ta ji ranar da ta leƙa rami ta ga ɗigon haske. An buɗe masa ƙofa ya fita lafiya, ya ƙi. Ikon Allah, wane irin mutum ne wannan?

Jami'in ya cire hula ya sosa kai. Ya ce tunda da bakinsa ya faɗa, za a rubuta shi cikin waɗanda suka kai kansu, ya je gaban kwamiti da mai shaida. Suka ɗauki sunansa na gaskiya a hankali, suka tafi.

Tela ya koma shago ya rufo ƙofa. Kwana da kwanaki ba majalisa, ba rediyo, in ya hango mai rijiya sai ya sauya hanya. Mutanen layi suna jajantawa, amma da an zo maganar shaida sai kowa ya tuna yana da uzuri, don an ce mai shaida ma ana yi masa tambayoyi. Uwar Biyu ta yafa mayafi ta tura ƙofar shagon ba sallama.

Tela bai ɗago ba. Ya ce, "Ya yaudare ni, Uwar Biyu. Shekara talatin muna ci a kwano ɗaya."

Ta ce, "Yaushe ya yaudare ka? Da wane suna kake kiransa? Wa ya raɗa masa? Kullum ka kira, kullum ya ce na'am, ko sau ɗaya ya taɓa musa maka? Kai ka ce a nuna maka mutum ɗaya tak da zai kalli idon jama'a ya ce ni ne. To ga shi an nuna maka. Saboda bakinka zan rasa mijina, kai kuma kana nan kana ɗinkin aljihu!" Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Ranar kwamiti, suna isa suka tarar da Tela a bakin ofis cikin babbar riga, fuska a murtuke. Bai gaishe su ba. A ciki aka tambaye shi ko ya san mutumin nan ya shigo ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai tun muna samari da sunan nake kiransa a bainar jama'a. Kuma a rubuta, har gobe ina nan a kan bakana, a ɗaga katanga, a ƙara masu gadi. Amma wannan in kuka fitar da shi, ku haɗa da ni, don ban san mai gaskiya irinsa ba." Aka ce su dawo ranar yanke hukunci.

Ranar hukuncin zauren ya cika har ƙofa. Masu jiran sakamako a gaba kan bencuna, ɗaruruwa, maza da mata, masu goyo, leburori da ƙurar siminti a gashi, tsofaffi da sanduna. Iyalai a baya, bayan wani shingen ƙarfe, nan Uwar Biyu da Tela suka tsaya. Ana kiran suna ta lasifika. In jami'in ya ɗaga kati, ka je taga ka karɓa. In bai ɗaga komai ba, ka bi ƙofar baya inda mota take. An kuma sanar tun farko cewa wanda aka kira sau uku bai amsa ba, an ɗauka ya gudu, za a soke nasa.

Can wajen azahar aka kira wani suna. Uwar Biyu ta zabura, don ta san shi, sau ɗaya ta taɓa jinsa, ranar ɗaurin aurenta. Kuma ga kati a hannun jami'in, ya ɗaga shi sama! Ta leƙa ta hango mijinta a tsakiyar taro, zaune, kai a sunkuye, ko motsi. Ruwan rijiya ya daɗe da rage masa ji, lasifikar kuma ta murɗe sunan, sannan tun mahaifiyarsa babu wanda ya kira shi da shi. Ya wuce ta kansa kamar sunan wani.

Aka kira na biyu. Ta ce, "Malam!" Rabin zauren malamai ne, ba wanda ya juyo.  Jami'in ya kira na uku, ya duba hagu da dama, ya fara sauke hannu.

Uwar Biyu ta kama shingen da hannu biyu, ta tattaro duk ƙarfin da ke jikinta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba tunda take.

"Baƙin Haure! Kai ake kira!"

Sai zauren ya miƙe. Duka. Benci bayan benci, masu goyo da leburori da tsofaffi, kowa ya ɗauka da shi ake, kowa ya tashi tsaye ya fuskanci gaba, ba wanda ya ɓoye fuska. Jami'in ya tsaya da katin a hannu, baki buɗe. Tsigar jikin Uwar Biyu ta tashi, hawaye suka zubo mata. Tela ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji yana kallon ɗaruruwan mutanen nan.

Daga tsakiyarsu wata murya ta fito, ba ƙarfi amma kowa ya ji.

"Na'am."

Mutane suka dare suka ba shi hanya, ya taka a hankali zuwa taga.